Shin Ya Dace a Riƙa Zuba Gishiri a Akwatin Kifin Ado?

Wani mai karatu daga unguwar Gwammaja a nan Kano ya aiko da tambaya. Yana da akwatin gilashi da ke cin jarka huɗu ta ruwa, wato lita 100, a ciki akwai kifin gwal biyar, da baƙin kifin nan mai lasar gilashi guda ɗaya, da 'yan tsirrai. Wanda ya sayar masa da kifayen ya ce ya riƙa zuba gishiri cikin tafin hannu duk lokacin da ya ƙara ruwa, haka kuwa yake yi tun damina. Yanzu da hunturu ya kankama sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jikin biyu daga cikin kifayen, suna ta goga jiki da duwatsu. Yana so ya san ko shawarar da aka ba shi daidai ce, da irin gishirin da ya dace, da adadin da ake zubawa.

Malam, gishiri magani ne na gaske a harkar kifi, kuma yana cikin mafi araha da mafi ƙarancin haɗari. Sai dai ana ba da shi ne saboda dalili sananne, da awo sananne, na wasu kwanaki ƙidayayyu, sannan a janye shi. Shawarar da aka ba ka ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba, shi ya sa ba na goyon bayanta, ko da yake na san ta yaɗu tsakanin masu sayar da kifin ado, kuma yawancinsu da kyakkyawar niyya suke ba da ita.

Kafin a kai ga awo, ya kamata ka fahimci halin da kifin ruwan daɗi yake ciki. Jininsa yana ɗauke da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita, alhali ruwan kogi ko na dam da yake rayuwa a ciki ko giram ɗaya bai kai ba, shi kuwa ruwan teku yana da kimanin giram 35. Ɗabi'ar ruwa ce ya ratsa fata mai laushi ya bi ɓangaren da gishiri ya fi yawa, kamar yadda ake gani idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, ba a jimawa take tsattsafo da ruwa. Shi kifi gishirin a cikin jikinsa yake, don haka ruwa ne ke ta kutsawa jikinsa dare da rana ta gaɓoɓin numfashinsa, wato jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, gishirin jininsa kuma yana silalewa waje ta wannan hanya. Abin da ya sa bai kumbura ya mutu ba shi ne ƙodarsa tana fitar da fitsari mai yawa wanda kusan ruwa ne zalla, sannan akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman a gaɓoɓin numfashin da ke tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa su mayar da shi jini. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, August Krogh, ya nuna wannan aiki na tsintar gishiri a binciken da ya wallafa a 1937.

Lafiyayyen kifi a tsaftataccen ruwa yana wannan aiki ba tare da wata wahala ba, domin a kansa aka halicce shi, don haka ba ya buƙatar a taimaka masa. Matsala tana zuwa ne idan kifin ya firgita, ko ya ji rauni a fata, ko cuta ta ci gaɓoɓin numfashinsa, domin a lokacin ne gishirin jini ke zubewa da sauri fiye da yadda yake iya mayarwa. Giram ɗaya zuwa uku na gishiri a kowace litar ruwa yana rage tazarar da ke tsakanin jini da ruwan, sai kifin ya sami sauƙi ya murmure. Wannan ne ya sa ake sanya gishiri a ruwan da ake ɗauko kifi da shi daga nesa, kamar waɗanda ke kwana a mota daga Legas zuwa Kano, kuma daga nan ne, a ganina, al'adar ta samo asali: mai shago ya ga gishiri ya ceci kifin da ya sha hanya, sai ya ɗauka abinci ne na kullum.

Amfani na biyu shi ne wanda aka fi tabbatarwa, amma shi ne masu kifin ado suka fi jahilta. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, sinadari mai guba ga kifi, wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin filta, wato matatar ruwan akwatin, su mayar da ita nitirayit, wasu kuma su mayar da nitirayit ɗin nitiret, wanda gubarsa kaɗan ce. A sabon akwati, ko bayan an wanke filta fes da ruwan famfo, ko bayan an ɗauke wuta na tsawon lokaci filtar ta tsaya cik, waɗannan bakteriya ba sa wadatarwa, sai nitirayit ya taru. Yana shiga jini ne ta ƙofar da kulorayid ke bi, wato ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishiri, idan ya shiga kuwa sai ya ɓata jinin ya koma ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iskar oksijin. Za ka ga kifi ya taso sama yana haki alhali famfon iska yana aiki, idan ka duba ƙarƙashin kumatunsa ka tarar jan nan ya dusashe ya koma kalar shayi. Idan kulorayid ya yawaita a ruwa sai ya tare ƙofar. Masu kiwon tarwada a Amurka suna aiki da ƙa'idar kashi goma na kulorayid ga kowane kashi ɗaya na nitirayit, kuma tun da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin gishiri kulorayid ne, lissafin yana nuna cewa idan abin gwaji ya nuna miligiram ɗaya na nitirayit a lita, ƙasa da giram 2 na gishiri ya wadatar da ruwa lita ɗari. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, mai ɗaukar giram 5 zuwa 6, ya isa har da rara a akwati irin naka. Ka lura da ƙanƙantar wannan adadi idan aka kwatanta shi da cikin tafin hannu. Ka kuma lura cewa gishirin bai cire nitirayit daga ruwan ba, ya dai kare kifin na ɗan lokaci kafin a canza ruwa filta kuma ta farfaɗo.

Na uku shi ne wanda ya shafe ka yanzu. Abin da ka siffanta ya yi daidai da cutar farin ɗigo, wadda wata mitsitsiyar halitta mai suna Ichthyophthirius multifiliis ke haddasawa, an kuma siffanta ta a kimiyyance tun 1876. Sanin yadda take rayuwa shi ne rabin maganin. Kowane farin ɗigo da kake gani ƙwaya ɗaya ce da ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma muddin tana can babu gishiri ko wani magani da ke kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su kuma su fito suna iyo suna neman kifin da za su kama. Waɗannan 'ya'yan masu iyo su ne gishiri ke kashewa, kuma ko babu gishiri ba sa wuce kwana biyu a raye idan ba su sami kifi ba. A ruwa mai ɗumin maki 25 zagayen yana kammaluwa cikin kusan mako guda, a ruwa mai sanyi kuwa yana iya jan makonni. Saboda haka ɓacewar ɗigon daga jikin kifi ba alamar warkewa ba ce, sau da yawa ma alama ce ta cewa ƙwayar ta sauka ƙasa tana hayayyafa, kuma wanda ya daina magani a ranar zai ga cutar ta dawo ninkin ba ninkin.

Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, yaya aka yi cutar ta kama kifin da ke cikin gishiri tun damina? Amsar tana da fuska biyu. Ko dai gishirin da ke ciki bai kai adadin da ke kashe ƙwayar ba, ko kuwa sanyin daren hunturu, da ke saukar da zafin ruwan ƙaramin akwati da maki da yawa tsakanin magariba da asuba, ya raunana kifayen. Ko ma dai wanne ne, ka ga cewa gishirin kullum bai zama rigakafi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuwa, wato ba ka san adadin gishirin da ke cikin akwatinka a yau ba. Ruwa yana ƙafewa ya bi iska, gishiri ba ya bin sa. A garinmu kuwa ƙafewar ba kaɗan ba ce, daga bushewar iskar hunturu sai zafin Maris zuwa Mayu da ke haura maki 40. Mu ɗauka tafin hannunka yana ɗaukar giram 50. Idan cike gurbin ruwan da ya ƙafe kawai kake yi duk mako kana ƙara gishiri, to kowane mako rabin giram ne ke ƙaruwa a lita, cikin wata uku ka kai giram 6, wanda ya ninka adadin magani na giram 3 a lita sau biyu. Idan kuwa kana kwashe jarka ɗaya ka zubar kafin ka ƙara sabo, gishirin zai hau ya tsaya a wajen giram 2 a lita. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara babba, kuma ba za ka iya ɗora magani a kan adadin da ba ka sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ɗan na'urar nan mai kama da biro da masu sana'ar ruwan leda ke auna narkakkun sinadarai da ita, ka auna ruwan akwatin, ka auna ruwan da kake zubawa, ka ɗebe. Kowane maki dubu na bambanci yana nufin kusan giram ɗaya a lita. Ka tabbata wadda za ka ara tana karanta sama da dubu, domin wasu a 999 suke tsayawa. Idan ba ka samu ba, sai ka canza rabin ruwan yau, rabi gobe, rabi jibi, wanda zai bar kashi ɗaya cikin takwas na abin da ke ciki, sannan ka fara lissafi daga farko. Wannan canjin ruwa ba asarar lokaci ba ne, domin idan ka zuƙo daga ƙasa da tiyo kana kwashe ƙwayoyin cutar da suka sauka.

Game da irin gishirin, abin da ake nema shi ne tsantsar gishirin ci, fari, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Wanda ake sayarwa a shagon kifi da hoton kifi a jikin leda shi ne wannan ɗin, kuɗinsa ne kawai ya fi. An cika tsorata mutane da aidin, kuma tun da dokar Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun farkon shekarun 1990, miligiram 50 a kowane kilo daga masana'anta, kusan duk gishirin da ke kicin ɗinka yana da shi. Idan ka lissafa, giram 3 na irin wannan gishiri a lita ba ya kawo fiye da miligiram 0.15 na aidin, kuma wannan ba adadin da zai sa ka bar kifi ya mutu kana neman wani gishiri ba ne. Na fi son gishiri mai tsakuwa wanda ba a sa masa sinadarin hana dunƙulewa ba, amma na kicin ya yi idan shi ne a hannu.

Waɗanda zan hana ka su ne na gargajiya da ke jibge a Kasuwar Kurmi. Kanwa kowace iri, ja ko ungurnu, ba ta shiga akwatin kifi, domin akasarinta sodiyam kabonet ne da danginsa, tana harba pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, sama nan take, kuma gubar amoniya tana ninkuwa kusan sau goma idan ma'aunin ya tashi daga 7 zuwa 8. Kantu da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi yana da kyau ga dabbobi, amma cakuɗe yake da ƙasa da wasu gishirai, ba za ka iya sanin abin da ka auna ba, haka ma manda. Gishirin lalle kuwa guba ne, ko kusa da akwatin kada ya je. Gishirin Efsom magniziyam salfet ne, babu kulorayid a cikinsa, aikinsa daban ne. Shi kuma gishirin haɗa ruwan teku an yi shi ne don kifin teku da na bakin teku, yana ƙara wa ruwa nauyi da pH.

Yanzu ga yadda za ka yi. Jarka huɗu ta lita 25 ita ce lita 100, don haka giram ɗaya a lita yana nufin giram 100 a akwatin gaba ɗaya. Ka auna da ƙaramin sikelin kicin, domin cokali yana yaudara: gishiri mai laushi ya fi mai tsakuwa nauyi a cokali ɗaya. Ka fara cire tsirran ka sa su a bokiti da ruwa marar gishiri inda haske ke samunsu, domin yawancinsu ganyensu yana ruɓewa idan gishiri ya wuce giram ɗaya zuwa biyu, kuma zamansu na mako biyu zuwa uku ba tare da kifi ba zai kashe ƙwayar da ke maƙale da su. Idan akwai fararen duwatsun ziyolayit masu tsotse amoniya a filtarka, ka cire su tun kafin ka ƙara gishiri, saboda gishiri yana sa su saki duk amoniyar da suka tsotse. Sannan ka ɗebo ruwan akwatin a roba, ka narkar da giram 100 sarai har ba ka jin tsakuwa a ƙasa, ka zuba a hankali a inda ruwan filta ke zubowa. Kada ka watsa busasshen gishiri kai tsaye, domin kifin da ke kwance a ƙasa zai iya ƙonewa da shi. Washegari ka ƙara giram 100, jibi kuma wani giram 100, ka kai giram 3 a lita. Wannan hawa a hankali yana ba kifin da bakteriyar filta damar sabawa.

Kifin gwal yana ɗaukar giram 3 ba tare da damuwa ba, haka ma kifin koyi, da gufi, da moli, da karfasa. Mai lasar gilashin ne abin lura, domin danginsa daga kogunan Kudancin Amurka suke, inda ruwa ba shi da gishiri kusan sam. Ba za ka iya cire shi ka bar shi ba magani ba, tun da shi ma ya zauna cikin cutar, don haka ka sa masa ido bayan zubi na biyu: idan numfashinsa ya yi sauri ko ya bar gilashi yana birgima, ka tsaya a giram 2 ko ka ɗan sirka da sabon ruwa. Da a ce ƙananan tetira kake da su, ko koridoras, ko kifayen nan masu dogon baki da ake kamowa a Kogin Neja, da na ce ka bar gishiri ka nemi wani magani. Dodon koɗi ma ba ya jure shi.

Ka bar gishirin a wannan mataki kwana 14, kuma kada ka janye sai an yi aƙalla mako guda ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba. Idan kana da hita, ka ɗaga zafin ruwan a hankali zuwa maki 26 ko 27 ka riƙe shi a nan dare da rana, zagayen cutar zai yi sauri. Idan babu, ka janye akwatin daga bakin taga, ka lulluɓe gefensa da bargo da dare, ka kuma ƙara mako guda a kan kwanakin. Shawarar da ake yawan gani a intanet ta kai ruwa maki 30 an rubuta ta ne don kifayen ƙasashen zafi da ke gidajen Turai. Kifin gwal ba ya son haka, kuma ruwa mai maki 30 yana riƙe oksijin kusan miligiram 7.5 ne kacal a lita, alhali mai maki 20 yana riƙe kusan 9. Kifin da cuta ta ci wa gaɓoɓin numfashi ba ya da rarar da zai yi asarar wannan, don haka famfon iska ya kwana yana aiki, idan da hali mai batir. A cikin kwanakin ka ci gaba da zuƙe jarka ɗaya duk bayan kwana uku, kuma a nan ne kawai ake mayar da gishiri: jarkar da ka kwashe ta tafi da giram 75, sai ka narkar da giram 75 a sabuwar. Ruwan da ya ƙafe da kansa kuwa da ruwa zalla ake cike gurbinsa. Idan bayan mako guda ɗigon ƙaruwa yake yi, to ka haɗu da irin da ke jure gishiri, sai ka koma ga magungunan farin ɗigo na kwalba, ka kuma rage gishirin tukuna maimakon ka haɗa su barkatai.

Wataƙila ka ga masu kiwon tarwada suna tsoma kifi a ruwan gishiri mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wannan wanka ne daban, ana yin sa a roba, giram 10 a lita na kusan minti 30, ko giram 30 na 'yan mintuna kaɗan, mutum yana tsaye a kai, da zarar kifi ya fara karkata sai a tsame shi. Yana kakkaɓe ƙwayoyin da ke zaune a saman fata, irin su Trichodina, yana kuma taimakawa ga farin gansakukan da ke fitowa a kan rauni, amma ba ya warkar da farin ɗigo saboda dalilin da na ambata. Haka nan gishiri ba ya maganin tsutsar ciki, ba ya ɓamɓare ƙwarƙwatar kifi, kuma kifin da ya kumbura har ɓawonsa ya miƙe yawanci ƙodarsa ce ta gaza, gishiri sai dai ya sassauta masa.

Abu biyu kuma da ake jingina wa gishiri ba ya yin su ko kaɗan: ba ya cire amoniya, ba ya kashe kulorin. Idan ruwan famfo na Tamburawa ko Challawa kake amfani da shi, ka sa masa maganin kulorin ko ka bar shi ya kwana a buɗe da famfon iska. Idan na 'yan garuwa ne, ka tambayi inda suke ɗebowa, domin rijiyoyi da yawa a cikin birni ruwansu na zartsi ne, wanda ya riga ya zo da nasa narkakkun gishirai, kuma na burtsatse yana fitowa da ƙarancin oksijin, shi ma yana son kwana kafin a zuba. Ba ka tambaye ni ba, amma kifin gwal biyar sun yi wa lita 100 yawa idan suka girma, kuma cunkoso yana cikin abubuwan da ke buɗe wa irin wannan cuta ƙofa.

Idan kwanakin sun cika, janyewar ma a hankali ake yin ta, ta hanyar canza jarka ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku da ruwa marar gishiri. Kowane canji yana barin kashi uku cikin huɗu na abin da ke ciki, don haka bayan canji huɗu za ka sauko ƙasa da giram ɗaya a lita, a nan za ka iya mayar da tsirran, bayan canji takwas kuma saura kusan giram 0.3. Daga nan sai ka daina zuba gishiri gaba ɗaya, duk sabon kifin da ka saya kuma ka ajiye shi a roba ta daban mako uku, da giram ɗaya zuwa biyu a lita a kwanakin farko idan ya sha hanya, kafin ka haɗa shi da sauran.